Waifai a Gidan Gado: Littafin Aikin da Nake Rubutawa

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Bayan la'asar Baffa ya tara mu a zaure kan maganar da na daɗe ina yi masa naci a kai: a sa waifai ɗaya a gidan nan, kowa ya daina sayen data shi kaɗai. Na zo da lissafina a takarda. Sassa huɗu ne a gidan. Akwai na Hajiya kakarmu, da na Baffa, da namu, sai na Yaya can ƙurya wanda aka gina da bulo lokacin aurensa. Wayoyin da ke shiga intanet guda 19 ne, yawancinsu Tecno da Infinix da itel, sai Redmi biyu da iPhone ɗin matar Yaya. Kowace waya da nata ɗan sayen, wannan na kwana ɗaya, wancan na mako, yara kuma na tsakar dare da suke hana idonsu barci a kai. Na ce wa Baffa kullum awon shinkafa muke yi da gwangwani, alhali in aka haɗa kuɗin buhu za mu ɗauko.

Tambayarsa ta farko: "To daga ina za a jawo wayar?" Tunaninsa ya tafi kan tarhon NITEL da ya taɓa sawa a shagonsa na Kantin Kwari. Na ce Baffa, wannan ba a jan komai daga titi. Tafiya ce mai zango biyu, duka ta iska. Zango na farko daga ƙarfen sabis zuwa wani ɗan akwati da ake kira rauta, wanda ake sa masa layi kamar waya. Zango na biyu daga akwatin zuwa wayoyinmu, shi ne waifai ɗin.

Yaya ya kawo maganar Starlink, intanet ɗin nan na tauraron ɗan'adam, wai abokinsa ya sa a ofis. Tun Janairun 2023 yake aiki a Najeriya, amma kuɗin farantinsa da na wata sun fi ƙarfin aljihun gidan nan, ga shi yana cin wuta fiye da abin da solarmu za ta iya ɗauka. Ya ce to 5G fa, tunda Kano na cikin biranen da MTN ta fara kunna shi a 2022? Na ce rautarsa ta fi tsada, mu fara da 4G mu ga kamun ludayinsa.

An tsayar cewa kowane sashe zai kawo kasonsa farkon wata, ni ne mai riƙe littafi. Da aka kai wa Hajiya labari ta ce ita ba ta biyan kuɗin iska, kuma wane irin miji ne ni da zan karɓi kuɗi a hannun matata. Baffa ya ɗauke mata nata.

Asabar, 11 ga Janairu

Na wuni a kasuwar wayoyi ta Farm Centre. Kafin in je na ari layuka uku na kamfanoni daban-daban na gwada su a wayata daga saman bene, safe da dare, kwana uku a jere. Ƙarfin sabis na unguwa ne, wani lokacin ma na lungu ne, don haka shawarar abokin da ke Hotoro ba ta amfani mai zama a cikin birni. Ɗaya daga cikin ukun ya fi tsayawa da daddare, shi na zaɓa.

Rauta iri biyu na tarar. Akwai ƙaramar nan ta aljihu mai batir a ciki, akwai babba ta ajiyewa mai eriya biyu da ramukan kebul a baya. Takardar ƙaramar ta ce waya goma take ɗauka, mu kuwa 19 ne ban da baƙi. Na ɗauki babbar, na kuma tabbatar ba a kulle ta kan kamfani ɗaya ba, don ranar da aka ɓata da wannan layin in iya canzawa ba sai na sake sayen akwati ba.

Abin da ban shirya masa ba shi ne rajistar layi. Ba a buɗe sabon layi yanzu sai da lambar NIN, kuma wanda aka yi da sunansa shi ke da alhakin duk abin da aka yi da layin. Na kira Baffa daga wurin. Ya ɗan yi shiru, ya ce: "Kai ka kawo abin, sa naka." Na sa nawa, na dangwala yatsa aka ɗauki hotona. Yanzu duk abin da yaran gidan nan za su buɗe, da sunana za su buɗe shi.

Lahadi, 12 ga Janairu

Kuskuren farko nawa ne. A shigifa akwai alkuki a jikin bango, inda ake ajiye fitilar aci-balbal a da, ga kuma soket kusa da shi. Na ga kamar don rauta aka yi shi. Na zaunar da ita ciki, fitilunta suka kama, wayata ta hau, na buɗe bidiyo ya tafi sumul. Na shiga cikin gida ina taƙama.

Kafin in kai rijiya sanduna biyu sun faɗi. A ƙofar ɗakin Hajiya saura ɗaya. Da na sa ƙafa ciki, ɗif.

Na sauke wata manhajar auna ƙarfin waifai na bi gidan da ita kamar mai neman ruwa. Awon yana zuwa da alamar ragi a gaba, kuma lambar na ƙara girma sabis na ƙara mutuwa. Kusa da akwatin -38. Tsakar gida -64. Sashen Baffa -73, ana iya aika saƙo amma kiran bidiyo sai a hankali. Falon Yaya -84, wato sunan kawai ake gani. Sai na fita ƙofar gida don in sha iska, na duba wayar ina tsaye kan dakali: -52. Na tsallaka lungu har gindin mai shayi, tana nan da ƙarfinta.

Na zauna kan dakalin na yi ta dariya ni kaɗai. Magabatan da suka gina gidan nan sun tsara shi ne don abin da ke waje ya tsaya a waje. Baƙo ya tsaya a zaure, na kusa ya kai shigifa, ƙofofin kuma ba sa kallon juna don kada ido ya zarce ciki. Bangon tubali ne, gindinsa ya kai kamu biyu. Waifai kuwa ya bi wannan tsarin sak kamar an yi masa tarbiyya: ya gaida na zaure, ya fita ya yi hira da 'yan majalisa, ya ƙi shiga wurin mata.

Dalilin a fili yake in an zauna an duba. Igiyar rediyo ce, kuma kowane bango da ta ratsa sai ya ci wani abu daga ƙarfinta. Ni kuma na je na cusa akwatin cikin rami, ƙasa ta rufe shi ta baya da gefe biyu, fuskar da ta rage tana kallon ƙofar fita. Rautar tana watsawa a zangon rediyo iri biyu, na 2.4 da na 5 gigahaz. Na 5 ɗin ya fi sauri amma ba shi da juriyar bango, tsawon igiyarsa bai wuce santimita 6 ba. Na 2.4 ya kai santimita 12 da ɗoriya, ya fi kutsawa, sai dai cunkoso ya yi masa yawa don nan Bluetooth yake, nan rautocin maƙwabta suke. A gidan ƙasa, na 5 ɗin na ɗakin da akwatin yake ne kawai.

Ɗakin Hajiya kuwa nasa daban ne. Bangon da ke fuskantar tsakar gida kabat ce ta rufe shi daga ƙasa har sama, cike da jeren kwalla da tasoshi da kumbuna na tun aurenta. Ƙarfe ba ya barin igiyar ta wuce, mayar da ita yake yi. Na ce mata Hajiya, kayan jerenki ne suka tare hanya, ko za a ɗan matsar da su? Ta ce kafin a haifi ubana suke wurin, in ga dama in matsar da kaina.

Da yamma na hau da rautar bene, na ɗaure ta a jikin azara kusa da tagar da ke kallon tsakar gida. Nan ta sami abu biyu: ta fi ganin ƙarfen sabis, ta kuma leƙa sassa uku daga sama ba tare da ratsa bango ba. Tsakar gida ta koma -49, sashen Baffa -61, ƙofar Hajiya -58. Cikin ɗakinta da sashen Yaya har yanzu babu labari.

Laraba, 15 ga Janairu

Kwana uku ina sa wa mutane kalmar sirri. Wayoyi 16 sun hau ba gardama. Uku sun ba ni aiki.

Biyu tsofaffi ne, suna ganin sunan amma da an sa kalmar sai su ce ba daidai ba, ko da na rubuta da hannuna. Na shiga shafin saitin rautar ta burauza na tarar an bar tsaronta kan WPA3, wanda ya fito a 2018, su kuwa wayoyin sun girme shi. Na mayar da shi haɗin WPA2 da WPA3, ɗaya ta hau ɗaya ta ƙi. Sai da na bar shi WPA2 zalla ta yarda. Ina wurin na canza kalmar shiga shafin saitin kanta, don wadda aka zo da ita a rubuce take a gindin akwatin, kuma akwai yaro ɗan aji biyar na sakandare a gidan nan da ba na raina wayonsa. Na kashe WPS ma, maɓallin nan da ake dannawa waya ta hau ba kalmar sirri.

Ta ukun ta Baffa ce. Ta hau lafiya, sanduna cike, amma duk shafin da ya buɗe sai gargaɗi ya fito wai haɗin ba amintacce ba ne. Na kusa awa ɗaya ina zargin rauta. Ashe irin wayar nan ce da ake cire wa batir, ya cire ya hure ƙura ya mayar, kwanan watanta ya koma shekarun baya. Shafukan intanet suna nuna wa waya takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, wayar da agogonta ya ɓace kuwa sai ta ga duk takardun ba su dace da ranarta ba. Na saita agogon ya riƙa ɗaukar lokaci da kansa, komai ya buɗe. Baffa ya ce dama ya lura kwana biyu wayar na kiran sallah ba kan lokaci ba, ya ɗauka laifin manhajar ne.

Talata, 21 ga Janairu

Jiya hukumar NCC ta sanar da amincewarta kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100, karo na farko tun 2013. Baffa ya ji a rediyo da asuba, ya aiko a kira ni tun ban karya ba. Na ce ƙarin zai hau kan mai gwangwani da mai buhu baki ɗaya, gara ma mu. Ya ce to in sake lissafin in kawo masa kafin ƙarshen wata.

Asabar, 25 ga Janairu

Datar wata ɗaya ta ƙare a kwana 13.

Da hantsi matar Yaya ta leƙo tana cewa abin nan naka ya mutu. Alamar waifai cike take a wayarta, sai ɗan ɗigon motsin rai a gefe. Zango na biyu lafiya lau, na farkon ne ya yanke: waya na magana da akwati, akwati kuma ba shi da abin da zai ba ta. Na duba ragowar data, sifili.

Kafin azahar kowa ya sami wanda zai zarga. Umma ta ce yaran Baffa ne da kallon ƙwallo. Matar Baffa ta ce ai wasu sana'a suke yi da shi, tana nufin matar Yaya da ke ɗora hotunan turaren wuta da humra a WhatsApp. Na ce kowa ya ba ni wayarsa. A saitin kowace waya akwai wurin da ke nuna abin da kowace manhaja ta sha ta waifai, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina rubutawa.

Babban ɓarawon ba mutum ba ne. Waya in tana kan datar layi tana tsimi, da ta ji ta hau waifai sai ta ɗauka gidan biki ta shigo. Play Store ya sabunta manhajojin da suka yi wata da watanni suna jira. Wayoyi huɗu sun kwashe hotuna da bidiyon shekaru sun tura ma'ajiyar Google. WhatsApp kuma a yadda yake zuwa, in yana kan waifai duk bidiyon da aka jefo a guruf sauke shi yake yi ko ba a buɗe ba, Umma kaɗai tana guruf ɗin 'yan uwa da na islamiyya da na adashe da na 'yan ajinsu. Matar Yaya da ake ta nunawa da baki tana cikin waɗanda suka fi kowa ƙarancin sha.

Kallon ma ya ci nasa. Da sabis ya yi kyau YouTube da kansa yake ɗaga ingancin hoto, kuma a 720 awa ɗaya tana cin wajen giga guda, a 360 kuwa kusan kashi ɗaya cikin uku na hakan. A fuskar waya mai inci shida, wa'azi ko wasan kwaikwayo ba ya buƙatar fiye da 360 ɗin.

Maganin da na yi: a wayoyin Android akwai zaɓi cikin saitin kowane waifai da ke gaya wa waya cewa wannan na awo ne, ta yi tsimi kamar tana kan layi. Na kunna shi a duka, na yi makamancinsa a iPhone ɗin. Na kashe saukar bidiyo da kai a WhatsApp. A rautar kuma na sa wa kowace waya iyakar gudu, megabit 2 a daƙiƙa. Lissafinsa mai sauƙi ne: megabit 1 in aka sha shi ba tsayawa, megabayit 450 ne a awa. Mutane na rikita bit da bayit, takwas na farkon ne ke yin ɗaya na biyun.

Na cike gurbin sauran kwanakin daga aljihuna. Ban gaya wa Baffa ba.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Wani abokina ya ara mini ɗan akwatin nan da ake soka wa a soket ya kamo waifai ya sake watsa shi. Na sa a barandar Yaya. Sanduna suka cika a falonsa, ya yi ta sa mini albarka, bayan minti goma ya aiko wai bidiyo na tsayawa. Abin da ya kamo a barandar dama rarrauna ne, shi ya maimaita da babbar murya. Ga shi da rediyo ɗaya yake saurare yake kuma faɗa, don haka gudun ya rabu kusan biyu. Rufin kwano da ƙofar ƙarfe da ƙarafan taga sun ƙarasa sauran. Na mayar wa mai shi.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Ƙarshenta dai sai da aka ja waya, Baffa ya yi gaskiya tun ranar farko. Na sayo kebul ɗin intanet mita 45 a Beirut Road, irin na waje mai baƙar riga, aka matse mini kawunansa a shagon na gwada kafin in biya. Irin wannan kebul yana kai mita 100 ba tare da ya rasa komai ba, namu bai kai rabi ba. Na bi da shi ta saman katanga daga bene, na kauce wa bakin indararo, na sauke a falon Yaya. A can na haɗa shi da wata tsohuwar rauta da Yaya ya taɓa amfani da ita a shago.

Na ba ta suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya da ta bene, don waya ta riƙa sauya akwati da kanta in mutum ya ratsa gida. Tashoshi ne na raba musu. A zangon 2.4 tashoshi uku ne ba sa taka juna, 1 da 6 da 11. Manhajar awo ta nuna maƙwabta sun taru a 6, sai na ba ta bene 1, ta Yaya 11.

Daga nan gidan ya rikice. Wasu wayoyin suna hawa, wasu su tsaya suna juyi wai suna neman adireshi, wasu su hau amma babu intanet. Har ta Umma da ke zaune ƙarƙashin bene, wadda ban taɓa komai nata ba. Na sauka na hau benen nan ya fi sau goma. Sai wajen magariba na tuna: kowace rauta tana da aikin raba wa wayoyi lambar adireshi, kuma na bar shi a kunne a duka biyun. Limamai biyu a masallaci ɗaya, kowa na ba da nasa umarni. Wayar da tsohuwar rautar ta riga amsa wa sai ta karɓi adireshin da ke nuna mata hanyar da ba ta fita ko'ina. Na kashe rabon a ta Yaya, na tabbatar kebul ɗin a ramin LAN na haɗin cikin gida yake ba na WAN na shigowar intanet daga waje ba, na sa kowa ya kashe waifai ya kunna. Falon Yaya -44.

Ladan wahalar ya zo ta inda ban zata ba. Tagar bayan ɗakin Hajiya tana kallon sashen Yaya ne, kuma wannan bangon babu kabat. A bakin gadonta na sami -66. Waifai ya shiga ɗakin ta baya, kwallayenta na nan inda suke.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Wuta. Duk lokacin da aka ɗauke, akwatunan biyu su mutu, wayoyi kuma su koma kan datar layi shiru ba sallama, mutum na kallo bai san kuɗin katinsa ake ci ba. Ƙanwata ta yi asarar katin da ta sa don kira a haka.

Inbatar gidan ba a kunna ta sai dare. Na duba bayan cajar rautar: volt 12, amfiya 1, wato ba ta wuce watt 12. Asara ce a ɗaga wutar batir zuwa 220 sannan caja ta sake sauke ta zuwa 12. Na samo batir mai 12V 7Ah irin na cikin UPS, akwatin nan da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke. A takarda watt 84 ne na awa guda, kusan awa 7 ke nan in rautar na jan iyakarta, kuma ba a son a tatse irin batirin nan har ƙasa. Na haɗa shi da ƙaramin faranti na sola ta hanyar kwantirola mai kula da caji. Wani mai gyaran rediyo a unguwarmu ya ja kunnena kan abu biyu: batir in yana caji yana haura volt 14, don haka in sa ɗan abin daidaita wuta a tsakani, kuma in duba kan filogin da mita kafin in soka, tsakiyarsa ce mai alamar ƙari (+). Ya ce ya ga rautoci da yawa da aka ƙona da juya waya. Na sa fis ma.

Ta bene yanzu ba ta mutuwa. Ta Yaya sai wata mai zuwa in kuɗi ya samu. Na kuma hure ƙurar hunturu daga ramukan iskar ta benen, ta yi fari fat kamar an barbaɗa mata gari.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Sabon farashin ya fara aiki, kason kowane sashe ya tashi, ba wanda ya ji daɗi amma an biya.

Daren jiya na buɗe jerin wayoyin da ke kan rautar na ƙirga 31. Na leƙa ta tagar bene, ga samari jere a kan dakali, fuskokinsu na haske. Ban ba kowa kalmar sirri a baki ba, ni nake karɓar waya in rubuta. Amma tun daga Android 10 waya na iya nuna waifan da take kai a matsayin hoton lambar QR, aboki ya ɗauka da kyamara ya hau, wasu wayoyin ma har kalmar suke rubutawa a ƙasan hoton. Autan Baffa ya amsa laifinsa ba a matsa ba. Mutum biyu ya ba, biyun suka ba sauran.

Niyyata in rufe ƙofa gaba ɗaya: in canza kalmar, in sa rautar ta karɓi wayoyin da na rubuta lambar jikinsu kaɗai. Wannan ma da wahalarsa, don wayoyin yanzu ba sa nuna lambarsu ta asali, kowane waifai da wadda suke ƙirƙira masa, in aka goge waya ko aka canza sunan waifan sai an sake rubutawa. Na kai wa Baffa maganar ina tsammanin zai ce a rufe.

Ya tambaye ni su wane ne. Na lissafa. Ya ce wannan jikan liman ne, wancan ubansa ne ya yi mana tsaye ranar da katangar baya ta faɗi, wancan kuma maraya ne yana neman gurbin karatu. Ya ce gidan nan ba a taɓa hana maƙwabci ɗiban ruwa a rijiya ba, amma ba a taɓa ba shi guga ya tafi da shi gida ba. "Ba ka da hanyar da za a ba su kaɗan?"

Akwai. Rautar tana iya buɗe waifai na biyu na baƙi, da sunansa da kalmarsa, wanda ba ya ganin wayoyin cikin gida kuma ba ya kai mutum shafin saiti. Na buɗe shi, na sa masa megabit 1 su raba gaba ɗayansu, ya isa saƙo da duba sakamakon jarrabawa, bai isa ƙwallo ba. Yana rufewa ƙarfe 10 na dare. Na gida kuma na canza masa kalma, na sake bin wayoyi 19. Layin da sunana yake, wannan bai bar raina ba, na kuma faɗa wa samarin haka a gaban mai shayi.

Litinin, 3 ga Maris, 3 ga Ramadan

Tun da aka kama azumi ranar Asabar tsarin shan data ya juye. Da rana kusan ba kowa, daga la'asar sai tafsiri ta Facebook a sassa uku lokaci guda, wani lokacin malami ɗaya ake kallo a wayoyi huɗu. Na roƙi Umma da matar Baffa su riƙa zama wuri ɗaya da waya ɗaya a jingine jikin kwano. Sun yarda, da sharaɗin a sashen Umma za a zauna yau, gobe a na matar Baffa.

Bayan tarawihi gudun yana faɗuwa ƙwarai. Na auna kusa da akwatin, waifai lafiya lau, zangon farko ne ya cushe, duk unguwa ta hau ƙarfen sabis ɗaya. Wannan ba abin da zan taɓa a saiti ya gyaru. Rautar tana da ramuka biyu na eriyar waje, zan tambayi kuɗin mai fuskantar gefe ɗaya in gwada juya ta wajen wani ƙarfen da nake hangowa daga bene ta gabas.

Jiya bayan shan ruwa Hajiya ta yi kiran bidiyo da Gwaggo a Maraɗi daga kan gadonta, karo na farko ba tare da an fito da ita tsakar gida an riƙe mata waya sama ba. Sun yi minti 40, rabinsa kan tsadar ƙanƙara. Da ta gama ta miƙo mini wayar ta ce hoton ya tsaya sau biyu, a gaya wa mai iskar ya gyara.

Abin da ke gabana kafin damina: batir na sashen Yaya, da sa kebul ɗin katanga cikin bututu, da neman abin kariyar tsawa a kawunansa biyu tunda a sarari yake. Ruwa yana shan igiyar 2.4, bangon ƙasa kuma in ya sha ruwan Agusta ba zai zama bangon da na auna a Janairu ba. Na rubuta lambobin kowane ɗaki a bayan littafin kuɗi, da ranar da na ɗauke su, zan sake bi da wayar bayan ruwan farko.